Wutar da Muke Kwana da Ita: Kyandir da Gobara a Gidajenmu

(Wannan shi ne matanin jawabin da aka gabatar a zaman karatun da 'yan'uwa suke yi kowane wata a Unguwar Television, kudancin garin Kaduna. Mun kawo shi yadda aka gabatar da shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana wuta domin amfaninmu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Mun sani cewa wasunmu za su yi mamakin maudu'in da muka zaɓa a wannan zama. Ga al'umma tana fama da manyan matsaloli, sai kuma a tara dattawa da matasa a yi musu magana a kan kyandir, abin da ake aiken yaro ya sayo a wurin mai tireda. To, amsarmu ita ce, wanda ya fi mu sanin abin da yake babba da abin da yake ƙarami ya riga mu yin magana a kai, kuma abin da ya sa ya yi maganar shi ne rayuka da suka salwanta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa wani gida ya ƙone a Madina cikin dare, da mutanensa a ciki. Da aka ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya bayyana wa sahabbai cewa wutar nan abokiyar gaba ce gare su, ya kuma umurce su da su riƙa kashe ta idan za su kwanta barci. A hadisin Abdullahi ɗan Umar (RA) ya hana a bar wuta a cikin gidaje lokacin barci. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi (RA) kuwa, inda ya yi umurni da rufe ƙofofi da rufe ƙoren abinci da ɗaure bakin salkar ruwa, ya haɗa da kashe fitila, ya kuma faɗi dalili: ɓera yakan ja lagwanin fitila ya ƙone mutanen gida. Abu Dawuda ya kawo daga Ibnu Abbas (RA) cewa hakan ya taɓa faruwa a gabansa (SAW), ɓera ya jawo lagwani ya jefa a kan 'yar tabarmar da yake zaune a kai, ta ƙone gwargwadon faɗin dirhami.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, shi ne cewa wannan hukunci ya zo tare da illarsa, wato dalilin da aka gina shi a kai. Shi ya sa Imam Nawawi, a sharhin da ya yi wa Sahihu Muslim, ya ce umurnin ya game wutar fitila da waninta, amma fitilun da ake ratayewa a masallatai, idan an amince ba za su jawo gobara ba, babu laifi a bar su, domin illar ta kau. Daga nan muke fahimtar cewa ƙwan lantarki da tocila da fitilar caji ba su shiga cikin hanin ba. Kyandir kuwa ya shiga tsundum, haka fitilar aci-bal-bal, haka kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, haka kaskon turaren wuta, haka maganin sauron nan da ake kunnawa yana ci a hankali har asuba. Kuma a ganinmu abin kunya ne a ce mutum ya kiyaye sunna a tufafinsa da gemunsa da tsayuwarsa a sahu, sannan ya koma gida ya kwanta ya bar harshen wuta yana ci kusa da kan 'ya'yansa. Wanda ya koyar da waccan shi ne ya koyar da wannan.

Wani zai ce ai zamanin kyandir ya wuce. Mu da muke zaune a nan mun san bai wuce ba. An sauya wa hukumar lantarki suna daga NEPA zuwa PHCN, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, amma har yanzu yaranmu suna ihun murna idan an kawo wuta, abin da ke nuna cewa zuwanta baƙo ne. A watan Oktoban 2024 mun ga yadda lalacewar manyan layukan wuta, har da wanda ya taso daga Shiroro zuwa Mando, ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. A kwanakin nan wayoyi sun mutu, fitilun caji sun mutu, domin babu inda za a yi cajin. Janareto kuma, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali, kananzir ma ya zama sai wane da wane. Me ya rage wa talaka? Kyandir da ashana. Ba muna zarginsa da sayen kyandir ba ne. Abin da muke so shi ne ya san abin da ya shigo da shi ɗakinsa.

Shi kyandir na zamani ana yin sa ne da kakin da ake samu daga tace ɗanyen man fetur. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 a nan kusa da mu ta hanyar Kachia, an gina ta da sashen da yake fitar da irin wannan kaki. Wato dai ɗan'uwan fetur da kananzir ne da aka daskarar. Idan aka kunna lagwani, zafi yana narkar da kakin, lagwanin ya tsotso shi sama, ya zama tururi, tururin ne yake ci da wuta. Harshen nan da ake gani ɗan ƙarami, zafinsa yana kai digiri 1000 a ma'aunin Salshiyos, wani ɓangarensa ma ya zarce haka. Takarda da atamfa da soson katifa ba sa buƙatar rabin wannan kafin su kama.

Yanzu mu kwatanta ɗakin mutumin Madina da namu. Shi abin da ke ɗakinsa tabarmar kaba ce da shimfiɗar fata da 'yan tufafi, duk da haka aka ji masa tsoro. Mu kuwa ɗakinmu cike yake da katifar soso, da kujerun kushin, da labulen leda, da gidan sauro, da robobi, da akwatunan kaya an jibge su har kusa da silin. Soson katifa idan ya kama yakan ci da sauri, ya fitar da baƙin hayaƙi mai guba, kuma masana harkar gobara sun tabbatar da cewa mafi yawan waɗanda suke mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne yake kashe su kafin wuta ta iso gare su. Mai barci ba lallai ne warin hayaƙi ya tashe shi ba, sau da yawa ƙara nutsar da shi yake yi. Ga taga an yi mata ƙarfe saboda ɓarayi, ga ƙofa an danna mata sakata biyu. A wasu ɗakunan ma akwai jarkar fetur a bayan ƙofa, ta janareto ko ta babur.

Daɗin daɗawa, irin ginin da ya yi yawa a wannan yanki namu, daga Television zuwa Kakuri da Unguwar Sunday da Sabon Tasha, gidajen haya ne masu ɗakuna a jere, waɗanda da yawansu an gina su ne tun lokacin da masaƙun Kakuri suke ɗaukar dubban ma'aikata. Rufi ɗaya ne ya haɗa ɗakunan, katakon da ke ƙarƙashin kwano ya bushe shekara da shekaru. Idan wuta ta huda silin ɗin ɗaki ɗaya, ta sama za ta bi ta sauka a sauran. Saboda haka kyandir ɗin da ka bari a ɗakinka, ka bar shi ne a ɗakin maƙwabcinka ma, Musulmi ne ko Kirista, kuma kowannensu yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka.

Ita gobarar kyandir, hanyoyinta sanannu ne, kullum su ne dai. An ɗiga kaki a kan teburin katako ko a kan talabijin ko murfin bokitin roba, an kafa kyandir, ya ci ya ƙare, wutar ta sauka a kan abin da yake kai. Ko an ajiye shi a bakin taga, iska ta kaɗo labule. Ko ɗalibi yana karatun jarrabawa a kan katifa barci ya sace shi. Ko uwa ta kulle yara a ɗaki ta leƙa maƙwabta, ta bar musu haske don kada su ji tsoro. Ko kuma an kawo wuta, kowa ya ruga wajen caji da guga, aka manta da wanda yake ci a uwar ɗaka, tunda hasken ƙwai ya ɓoye shi. Mu kanmu, lokacin muna ɗalibai, mun taɓa farkawa muka tarar da gefen littafinmu na Nahawu ya zama toka, tabarma ta fara hayaƙi, ba don wani abokin kwananmu ya tashi alwala ba da labarin ya sha bamban. Har a Amurka, inda kyandir abin ƙawa ne, ƙididdigar ƙungiyar kare gobara ta ƙasar ta nuna cewa tsakanin 2015 da 2019 ana samun gobarar gida kimanin 7,400 kowace shekara ta dalilinsa, kusan kashi ɗaya cikin uku a ɗakin kwana take farawa, kuma uku cikin biyar saboda an ajiye shi ne kusa da abin da yake kamawa. To, ina ga waɗanda da shi suke gani?

Bari mu kawo muku misali daga 'yan'uwanmu na ƙasar Senegal. A daren Lahadi 3 ga Maris 2013, gobara ta tashi a wani gidan katako a birnin Dakar, inda almajirai masu yawa suke kwana a cunkushe. Yara tara suka rasu. Rahotanni sun danganta tashin wutar ga kyandir da aka bari yana ci, kuma ƙuncin lungunan unguwar ya wahalar da 'yan kwana-kwana wajen isa gidan. Sunan unguwar kuwa Madina. Duk wanda ya san hadisin Abu Musa, idan ya ji wannan suna sai jikinsa ya yi sanyi. A watan Fabrairun 2020 kuma mutum 15, mafi yawansu yara, suka mutu a wani gidan marayu a ƙasar Haiti, inda aka koma ga kyandir saboda janareto ya lalace. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Malamanmu na makarantun allo da na Islamiyya masu ɗaliban kwana, wannan magana ta fi shafarku, domin 'ya'yan mutane amana ce a hannunku.

Akwai wani abin da ya faru a tarihi da ya kamata kowane ɗalibin ilmi ya sani. A shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, a watan Jimada Akhir, wuta ta ɓarke daga ƙarƙashin ƙasa a gabashin Madina, narkakken dutse yana malala kamar kogi har tsawon makonni, mutanen gari suka taru a masallaci suna kuka suna tuba. Allah Ya tsayar da ita ba ta shiga garin ba. Bayan wata uku, a daren farko na Ramadan na wannan shekara, wani daga cikin masu hidimar Masallacin Annabi (SAW) ya shiga ɗakin ajiya da wuta a hannunsa domin ya ɗauko fitilu. Ya yi sakaci da ita, ta kama kayan da ke wurin, ta haye rufi. Mutanen Madina suka kasa kashe ta, rufin masallacin ya ƙone ƙurmus, har da na ɗakin da kabari mai daraja yake. Malamin tarihin Madina, Samhudi, ya kawo labarin dalla-dalla. Halifa Musta'asim ya aiko da kayan gyara daga Bagadaza, sai Tattar suka ci birnin a 656, aikin ya yi ta jan ƙafa har zamanin Sarki Baibaras na Masar. Ku duba, 'yan'uwa: masallacin da ya tsira daga dutse mai aman wuta, 'yar wutar hannu ce ta cinye shi. Idan alfarmar wuri tana hana wuta yin aikinta, da wannan wuri ya fi kowane cancanta. Don haka kada wani ya ce ai akwai Alƙur'ani a ɗakina, ko na yi addu'ar kwanciya. Yi addu'arka, sannan ka hure kyandir, duka biyun koyarwa ce daga tushe guda.

Wannan ya kawo mu ga maganar da muke yawan ji a wurin jaje: ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma wanda musiba ta riga ta afka masa, abin da ya dace da shi shi ne ta'aziyya da taimako, ba gori ba. Ya kuma tabbata a Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa wanda ya mutu a gobara yana cikin shahidai, muna roƙa wa waɗanda suka rasu wannan matsayi. Amma shahadar wanda ya ƙone ba ta wanke wanda ya yi sakaci. Ƙaddara hujja ce ta yin haƙuri bayan abu ya faru, ba ta zama hujjar barin sababi kafin ya faru. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ana cewa gobara daga kogi maganinta sai Allah. Tamu ba daga kogi take tasowa ba, daga kan tebur take tasowa, kuma maganinta numfashi ɗaya ne.

Malaman fiƙihu ba su ɗauki al'amarin da wasa ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaikh Khalil, wanda ya hura wuta a ranar da ake iska mai ƙarfi, ta tsallaka ta yi ɓarna, to ramuwa tana kansa. Ma'aunin shi ne sakaci. Idan ya tabbata, dukiyar da ta ƙone bashi ce a wuyan mai wutar, idan kuma rai ya salwanta, ana shiga babin kisan kuskure, da diyyarsa da kaffararsa ta azumin wata biyu a jere. Tantance wannan aikin alƙali ne da malamai, ba na kowa ba. Mun ambace shi ne domin mai gida ya san nauyin da yake ɗauke da shi, tunda shi ne makiyayin da za a tambaya game da abin kiwonsa.

To, mene ne abin yi? Wanda yake da hali ya sayi fitilar sola, ko da ƙarama ce, rana kyauta take ba da caji, kuma kuɗin kyandir na 'yan watanni ya isa ya saye ta. Muna ganin wannan yana daga cikin mafi amfanin sadakar da mawadatanmu za su yi wa zawarawa da makarantun allo, ya fi a jira sai an yi gobara a kai buhun shinkafa da tabarmi. Wanda kuma dole sai ya kunna kyandir, to ya samu gwangwanin madara ko na tumatir ya cika shi da yashi, ya kafa kyandir ɗin a ciki, ya ɗora a kan faranti na ƙarfe ko a ƙasa a kan siminti, inda yaro ko kyanwa ba za su ture shi ba. Ya bar tazarar aƙalla kamu ɗaya tsakaninsa da labule da katifa da gidan sauro da tufafin da aka rataye, ya kuma duba abin da ke samansa, domin zafi sama yake yi. Kada a shiga da shi ƙarƙashin gado neman abin da ya faɗi, kada a haska da shi ana zuba mai a janareto ko risho. Fetur kuwa ba shi da wurin zama a ɗakin kwana ko kaɗan, tururinsa kaɗai yana iya jawo wuta daga nesa. Wanda ya fita daga ɗaki a ƙarshe shi ne mai kashewa. Kuma mai gida ya mai da shi al'ada, kamar yadda yake duba ƙofa kafin ya kwanta, ya zaga ɗakunan iyalinsa ya tabbatar babu abin da yake ci.

Muna kira ga 'yan'uwa mata da ke bayan labule da babbar murya: kada a kulle yara a ɗaki da wuta a ciki, ko na minti biyar ne. Gara su yi kuka a duhu. Ashana kuma a ɗaga ta sama. Masu gidajen haya, ku ji tsoron Allah game da ƙarfen tagogi, a yi wa aƙalla taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa, a rataye mabuɗin inda kowa ya sani, kuma ƙofar gida da ake datsewa da kwaɗo da dare kada mabuɗinta ya zama a hannun mutum ɗaya.

Idan kuma Allah Ya ƙaddara wuta ta tashi, a fara da fitar da mutane, a yi kururuwa a tashi maƙwabta, kada wanda ya koma ciki domin takardu ko kuɗi. A cikin hayaƙi a sunkuya a yi rarrafe, domin iska mai kyau tana ƙasa. Wanda ya fito ya jawo ƙofar ɗakin, hakan yana rage wa wutar iska, ya jinkirta ta. Wutar fetur ko ta mai ba a watsa mata ruwa, yashi ake zuba mata ko a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo, idan kuma akwai lantarki a gidan a kashe shi daga mita. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga da gudu, ya kwanta ya yi ta birgima. Ƙuna kuma ruwan sanyi mai tsabta ake kwarara mata har kimanin minti 20, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai da gishiri da man goge baki da baƙin mai da ake shafawa, babu abin da suke ƙarawa sai cuta.

A kira 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a kuma tura yaro mai wayo ya tsaya a bakin titi ya nuna musu lungun. Mun sha ganin matasa suna jifan motarsu saboda ta makara, alhali sai da aka gama gwada bokitai aka tuna da kiransu, ga kuma rumfuna da motoci sun toshe hanyar shiga. Wannan magana ta lunguna za mu kai ta ga masu unguwa, kuma muna roƙon dattawan da ke nan su raka mu.

Za a bar gwangwanaye da yashi a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i, duk mai buƙata ya ɗauka, ya ɗaukar wa maƙwabcinsa.